Yadda zaka gane ko sai ka yanki lasisin jiha kafin ka yi kwangilar ginin gwamnatin tarayya a Amurka

Wannan bayanin na 'yan uwa ne dake zaune a Amurka suna harkar gini, ko suna da ƙaramin kamfani suna so su fara laluben kwangilar gwamnatin tarayya, irin gyaran barikin soja, asibitin tsofaffin sojoji, ginin kotu da makamantansu. Tambayar da kowa ke fara yi ita ce: ina da lasisi a jiha kaza, ga aiki ya fito a wata jihar daban, shin sai na yanki lasisin can kafin na shiga? Dalilin tambayar kuwa shine a Amurka babu wani abu wai shi lasisin ɗan kwangilar gini na ƙasa baki ɗaya, kowace jiha da nata tsarin, wata ta tsananta wata kuma ko oho. Kalifoniya tana neman lasisi daga aikin dala 1,000 zuwa sama, Tennessee daga dala 25,000, North Carolina daga dala 40,000, ita kuwa Texas bata ma bada lasisin babban ɗan kwangila a matakin jiha sai dai na masu wayarin da masu aikin famfo da na na'urar sanyaya ɗaki, New York kuma ta bar wa birane da ƙananan hukumomi abin.

Amsar a taƙaice: in gwamnatin tarayya ce da kanta ta ɗauke ka aikin, jiha bata da ikon ta ce sai ka riƙe lasisinta. Amma wannan amsar tana da ramuka da yawa kuma a cikin ramukan ne mutane ke asarar kuɗi, don haka mu bi abin daki daki.

Mataki na farko, duba waye zai sa hannu a kwangilar

Ka manta da maganar daga ina kuɗin ya fito, wannan shine kuskuren da aka fi yi. Mutum zai ga an rubuta cewa kuɗin tarayya ne a aikin sai ya ɗauka shikenan aikin tarayya ne. Ka buɗe takardar ka duba sunan mai aikin. In ka ga hukumar tarayya ce, misali rundunar injiniyoyin soja wato Army Corps of Engineers, ko NAVFAC ta sojan ruwa, ko GSA mai kula da gine ginen gwamnati, ko ma'aikatar tsofaffin sojoji VA, kuma wanda zai sa hannu jami'in kwangilarsu ne, toh wannan kwangilar tarayya ce kai tsaye. Yawanci zaka ganta a kan fom mai lamba SF 1442 kuma a SAM.gov, shafin kwangilolin gwamnatin tarayya, aka tallata ta.

In kuwa sunan da ka gani na ma'aikatar sufuri ta jiha ne, ko hukumar gidaje ta wani birni, ko hukumar filin jirgi, ko hukumar makarantu, toh ko da kashi 80 na kuɗin daga Washington ya zo, mai aikin ba tarayya bace, tallafi kawai ta bayar. Anan dokar lasisin jiha tana nan daram, ta hau kanka kamar kowane aikin kasuwa. Sassaucin da ake samu ɗan kaɗan ne, a aikin titunan da tarayya ke tallafawa akwai ƙa'ida mai lamba 23 CFR 635.110 da ta hana jiha ta ce sai kana da lasisi kafin ka saka farashi ko kafin a duba farashinka, amma ita wannan ƙa'idar ta bar jiha ta nemi lasisin lokacin bada aikin ko bayan an bayar. Kaga kenan ɗaga maka ƙafa kawai aka yi na ɗan lokaci.

Mataki na biyu, san tushen kariyar don kar wani ya ruɗe ka

Yana da kyau ka san daga ina wannan maganar ta samo asali saboda wata rana ma'aikacin hukumar lasisi zai iya tare ka kuma shi kansa bai san da ita ba. A 1954 wani kamfani mai suna Leslie Miller ya ci kwangilar gine gine a wani sansanin sojan sama a jihar Arkansas, ya fara aiki, sai jihar ta maka shi a kotu cewa ya saka farashi kuma ya kama aiki ba tare da lasisinta ba, aka same shi da laifi aka ci shi tara. Magana ta kai kotun ƙolin Amurka, a 1956 ta soke hukuncin. Hujjar kotun mai sauƙi ce: dokar tarayya ta riga ta ɗora wa jami'in kwangila alhakin tantance wanda ya cancanta, ya duba kuɗinsa, gogewarsa, amanarsa, kayan aikinsa, kuma waɗannan abubuwan sune dai hukumar lasisin jiha take dubawa. In aka bar jiha ta ce sai da lasisinta, an bata damar ta soke zaɓin da tarayya ta yi kenan, alhali tsarin mulkin ƙasar ya ɗora dokar tarayya a saman ta jiha. Abin lura a wannan shari'ar, filin da aka yi aikin ma tarayya bata karɓi ikon shari'a a kansa daga hannun jihar ba, amma duk da haka kamfanin ya yi nasara. Wato abin dubawa shine wanda ya ɗauke ka aikin, ba wai sai filin ya zama na tarayya zalla ba.

Kalifoniya ta sake gwada sa'arta daga baya. Kamfanin Gartrell Construction yana yiwa sojan ruwa aiki a sansanin El Toro, jihar ta ci shi tara saboda bashi da lasisi, kuma ta zo da wata hujja mai ɗan ƙarfi, ta ce ai a cikin kwangilar ma akwai sashen da ya ce ɗan kwangila zai nemi duk lasisin da ya zama dole. A 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 9 ta ce a'a, wannan sashen bai mayar da lasisin jiha dole ba tunda dama can jihar bata da ikon tilastawa. Waɗannan shari'u biyun ka riƙe sunayensu, Leslie Miller v. Arkansas da Gartrell v. Aubry, duk lauyan da ya san harkar nan dasu zai fara.

Mataki na uku, karanta takardar neman 'yan kwangila tun daga farko har ƙarshe

Anan ne aikin yake, kuma gaskiya mutane basa son karatu, takarda mai shafi ɗari uku sai mutum ya duba zanen gini da jadawalin farashi ya rufe. Jiha bata iya tilasta maka ba, amma ita hukumar tarayyar da ta bada aikin tana da cikakken iko ta ce ita tana son mai lasisin jiha, kuma in ta rubuta haka babu Leslie Miller ɗin da zai cece ka domin yanzu sharaɗin kwangila ne.

Ka buɗe takardar a kwamfuta ka bincika duk inda aka ambaci lasisi, har cikin bayanan fasaha na kowane ɓangaren aiki. Iri biyu zaka gani. Na farko shine sashen da kusan kowace kwangilar gini ke ɗauke dashi, sashe na 52.236-7 na FAR, wato kundin ƙa'idojin kwangilar gwamnatin tarayya, wanda ya ce ɗan kwangila ne zai nemo duk lasisi da izinin da ake buƙata da kuɗinsa kuma ya bi dokokin tarayya da na jiha da na birni da suka shafi aikin. Wannan magana ce ta gaba ɗaya, ba'a hana ka aikin saboda ita, lamari ne na lokacin gudanar da aiki. Na biyu shine inda aka kama suna, aka ce dole mai neman aikin ya kasance yana riƙe da lasisi kaza na jiha kaza kuma ya haɗo kwafinsa. Wannan kam sharaɗi ne na musamman, in baka cika shi ba jami'in kwangila zai iya ajiye ka gefe ko da farashinka ne mafi ƙasa, in ma ya baka abokin takararka zai iya kai ƙorafi a ƙwace. Sannan ka duba lokacin da aka ce a nuna lasisin, ranar rufe karɓar farashi ne, ko kafin a bada aikin, ko kafin a fara aiki, domin bambancin zai iya zama wata biyu ko uku kuma shine zai nuna maka ko zaka iya samowa kafin lokacin.

Wani abu kuma, tun 2025 ake yiwa kundin FAR garambawul, ana sauya wasu sassa ana cire wasu, don haka abin da aka rubuta a takardar dake gabanka shine abin bi, kar ka dogara da abin da ka haddace daga aikin bara.

In maganar bata fito fili ba ka tura tambaya a rubuce ga jami'in kwangila kafin ranar rufe tambayoyi. A rubuce fa, ta imel. Abin da wani injiniya ya faɗa maka da baki ranar zagayen duba wurin aiki ba hujja bace, jami'in kwangila kaɗai ke da ikon ɗaure gwamnati, kuma amsarsa tana fitowa ne a matsayin gyaran takarda da kowa zai gani. In kana ganin sharaɗin lasisin an sa shi ne kawai don a rage masu takara, kana iya kai ƙorafi ofishin GAO, mai bin diddigin kuɗin gwamnati da sauraron ƙorafin kwangila, amma sai kafin a rufe karɓar farashi, bayan nan an wuce wurin.

Mataki na huɗu, in kai ƙaramin ɗan kwangila ne a ƙarƙashin wani

Mafi yawan mutanenmu anan suke farawa, babban kamfani ya ci aikin ya yanko maka fenti ko tayil ko siminti. Toh anan abin ya fi sarƙaƙiya, saboda kai ba tarayya ce ta tantance ka ba, kwangilarka tsakaninka ne da wani kamfani mai zaman kansa. Akwai kotunan da suka miƙa kariyar har zuwa kan ƙananan 'yan kwangila, amma ni bazan baka shawarar ka ɗora kasuwancinka a kan wannan ba. Na ɗaya, shi babban kamfanin kusan kullum zai rubuta a yarjejeniyarku cewa kana da duk lasisin da jihar ke nema, ka sa hannu alhali baka dashi ka bashi sandar dukanka da hannunka. Na biyu shine maganar biyan kuɗi, wadda ita ce ainihin inda ake kuka.

Kalifoniya tana da wani sashe mai lamba 7031 a dokar sana'o'inta wanda ya ce ɗan kwangilar da bashi da lasisi bazai iya kai ƙara kotu yana neman kuɗin aikinsa ba komai kyan aikin, kuma wanda ya biya shi ma zai iya neman a dawo masa da duk abin da ya biya. Wasu jihohin ma suna da irin wannan dokar ko da bata kai ta Kalifoniya zafi ba. Abin da ke ceton mutum a aikin tarayya shine dokar Miller ta 1935, wadda bata da alaƙa da shari'ar Leslie Miller. Tunda ba'a iya ɗora wa ginin gwamnati takunkumin bashi kamar yadda ake yi a ginin ɗan kasuwa, sai dokar ta tilasta babban ɗan kwangila ya kawo takardar lamuni daga kamfanin inshora cewa za'a biya ƙananan 'yan kwangila da masu kawo kaya, a aikin da ya haura dala 150,000. A 2014 kotun shiyya ta 9 ta yanke hukunci a shari'ar wani kamfani mai suna Technica da ya yi aiki a wurin tsare baƙin haure na El Centro a Kalifoniya, ta ce rashin lasisin Kalifoniya bai hana shi neman kuɗinsa ta hanyar dokar Miller ba domin haƙƙi ne da tarayya ta bayar. Madalla, amma ka lura sai da kamfanin ya sha kaye a kotun farko ya ɗaukaka ƙara, ka lissafa kuɗin lauya da shekarun da aka ɗauka kana jiran guminka.

Don haka tun ranar da ka sa hannu ka nemi kwafin takardar lamunin biyan kuɗi ka ajiye. In kwangilarka ba da babban kamfanin take kai tsaye ba, wato kana ƙarƙashin wani ƙaramin ne, dole ka aika wa babban kamfanin sanarwa a rubuce cikin kwana 90 daga ranar ƙarshe da ka yi aiki ko ka kai kaya, da adadin kuɗin da kake bi. Ƙara kuma a kotun tarayya ake shigar da ita, cikin shekara 1 daga wannan ranar. Kwana ɗaya ya wuce, shikenan.

Mataki na biyar, abubuwan jiha da basu faɗi ba

Kar ka ɗauka tunda lasisin kwangila ya faɗi komai na jiha ya faɗi. In kamfaninka a wata jihar aka yi masa rajista, yawanci sai ka yi rajistar baƙon kamfani a ofishin sakataren jihar da zaka yi aikin kuma ka naɗa wakilin karɓar takardun kotu. Haraji yana nan, kotun ƙoli ta tabbatar a 1982 a shari'ar United States v. New Mexico cewa yiwa tarayya aiki baya mayar da ɗan kwangila gwamnati, don haka harajin jiha na kayan gini da na kuɗin shiga ka saka shi a farashinka tun farko, in ka manta daga ribarka zai fita. Inshorar diyyar ma'aikata in sun ji rauni ita ma ta jiha ce kuma dokar tarayya da kanta ta bar jihohi su aiwatar da ita a filayen tarayya. Izinin muhalli haka, filin da za'a tona in ya kai eka 1 ana buƙatar izinin kula da ruwan sama dake gangarowa daga wurin, kuma a yawancin jihohi hukumar jihar ce ke bayarwa.

Sai ma'aikata masu sana'a ta musamman, mai wayarin, mai aikin famfo, masu cire asbestos, masu haɗa na'urar kashe gobara. Waɗannan sau da yawa bayanan fasahar kwangilar ne da kansu ke cewa sai mai lasisi, don haka ko kamfaninka ya tsira, mutanen da zaka ɗauka su kasance da takardunsu. Sannan duk wani aikin da zai fita wajen shingen, kamar haɗa bututu da layin ruwan birni ko fasa titin gari, wannan izinin birni ne babu makawa.

Mataki na shida, yanke shawara, in zaka yanka ka fara da wuri

Ra'ayina anan a fili yake. In aiki ɗaya ne tak zaka yi a jihar, kai ne babban ɗan kwangila, takardar bata kama sunan lasisi ba kuma kana da amsar jami'in kwangila a rubuce, ka yi aikinka. In kuwa kana da niyyar zama a jihar, ko kai ƙarami ne a ƙarƙashin wani, ka yanki lasisin kawai. Kuɗinsa bai kai na zama biyu da lauya ba, kuma ranar da wani ɗan kasuwa a bakin barikin ya ce ka gyara masa shago kariyar tarayya bata bin ka zuwa can.

Ba'a fafe gora ranar tafiya, harkar tana cin makonni wani lokacin watanni. Mu ɗauki Kalifoniya tunda tana cikin masu tsanani: hukumar lasisin 'yan kwangila ta jihar, wato CSLB, tana neman gogewar shekara 4 a matakin ƙwararren ma'aikaci ko mai kula da aiki cikin shekara 10 da suka wuce kuma sai wani ya shaida maka, zaka zaɓi aji, A na manyan ayyukan injiniya, B na gine gine, C na sana'o'i ɗaiɗaiku, ka zauna jarabawa biyu, ta doka da kasuwanci da kuma ta sana'ar, a ɗauki hoton yatsunka, ka kawo lamunin dala 25,000. Virginia tana raba nata aji A, B, C ne gwargwadon girman kuɗin aikin. Florida kuma tana da lasisin da ke aiki a duk faɗin jihar da wanda ya tsaya a ƙaramar hukuma ɗaya, ka tabbatar wanne kake nema. In kai kanka baka da shekarun gogewar, jihohi da dama sun yarda wani ma'aikacinka na dindindin ko abokin haɗin gwiwa ya tsaya wa kamfanin, amma ya zama da gaske yana kula da aikin, hayar lasisin wani laifi ne. Wanda kuma yake hangen jihohi da yawa musamman na kudu ya duba jarabawar NASCLA, wato ƙungiyar hukumomin lasisin 'yan kwangila na jihohi, jihohi da dama suna karɓarta a madadin jarabawar sana'a, sai dai ita ba lasisi bace, zaka sake cike fom a kowace jiha kuma galibi ka zauna tasu jarabawar ta doka.

Ɓangaren tarayya kuma kar ya shige maka duhu kana can kana fama da jiha. Rajista a SAM.gov kyauta ce, duk wanda ya turo maka imel wai ka biya shi ya yi maka ba gwamnati bane, anan zaka samu lambar shaidar kamfani, UEI, wadda ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS tun Afrilun 2022, kuma duk shekara ake sabuntawa, in ta mutu a lokacin da ka saka farashi zaka iya rasa aikin. Dokar Davis-Bacon ta 1931 ta hau duk aikin ginin tarayya da ya haura dala 2,000, zaka biya leburori da birkiloli da kafintoci albashin da ma'aikatar ƙwadago ta ƙayyade wa wannan yankin kuma ka miƙa takardar albashi duk sati. Kamfanin lamuni shima zai tambaye ka lasisi da lissafin kuɗin kamfani kafin ya tsaya maka, wasunsu basa son jin dogon bayanin shari'ar 1956, lambar lasisi kawai suke so su gani a fom.

In ka rikice a wani wurin, akwai ofisoshin APEX Accelerators a jihohi, waɗanda a da ake kira PTAC, aikinsu taimakon ƙananan kamfanoni a harkar kwangilar gwamnati kuma mafi yawan hidimarsu kyauta ce. Ka je musu da takardar neman 'yan kwangilar a hannu, ka riga ka ja layi a duk inda aka ambaci lasisi. Su ba lauyoyi bane, don haka in aikin babba ne ko kuma yarjejeniyar da babban kamfani ya miƙo maka tana da sashen lasisi da baka cika ba, ka biya lauyan gini na wannan jihar ya duba maka kafin ka sa hannu.